Riguna Goma Sha Biyar

Ni ba na zuwa fili.
Labarin wasa a buhu yake iske ni,
ran Lahadi da hantsi, bisa babur ɗin Lurwanu,
nan Ƙofar Marusa, gindin bedi.
In kwance bakin buhu, in zazzage,
riguna goma sha biyar su zubo
da warin gumi da na man zafi.

Zari-ruga suke ce da shi.
Ƙwallon ma kamar gwanda,
wai ka ruga gaba amma ka miƙa ta baya.
Na ce wa Lurwanu, ai na san wannan wasa,
shekara talatin ina yin sa da kuɗin wanki.

Ban taɓa tambayar wa ya ci ba.
In sun ci, akwai ɗigon man tsire a ƙirji.
In an ci su, a juye rigunan ke zuwa,
ciki a waje, kamar fatar akuyar da aka feɗe da fushi.

Farkon damina mun sha man tsire.
Lamba uku ta Sallau ce,
wanda ya bar dakon buhunan masara ya koma dakon mutane,
wuya kamar turmi.
Sau huɗu ina ɗinke masa kafaɗa.
Lamba tara ta Abashe,
ɗan firit, bakinsa ya fi shi nauyi,
ko laka ba ta iya kama shi.
Ta goma sha huɗu kuwa, ta Bishir,
tabonta ɗaya kullum:
koren ciyawa daga ƙirji zuwa cibiya,
inda ya kifa bayan layi da gwandarsa a hammata.
Wannan tabo a hankali nake cuɗa shi,
ba na so ya fita duka.

Sai marka ta zauna, albashi ya tashi.
Wata uku.
Mai shago ya buɗe mini shafi na musamman,
sabulu bashi, bula bashi, gawayin guga bashi.
Su ma can gari suke jiƙawa kafin atisaye.

Mako na tara suka nufi Jos.
Motar ta mutu bayan Funtuwa,
suka kwana suna tura ta, su da suka saba turin ƙarti.
Buhu ya dawo mini.
Na buɗe, na tarar da riguna a ninke
yadda na ba da su, da karin gugata a jiki.
Ban taɓa ganin wanki mai nauyin wannan ba.
Na dai jiƙa su. Me zan yi?

Bayan sati biyu ta goma sha huɗu ta zo
an tsarge ta da almakashi daga wuya zuwa hannu.
Lurwanu bai kashe babur ba.
Ya ce ƙashin kafaɗa ne, ya ja ya tafi.
Na ɗinke ta da zare biyu.
Wani yaro daga Rafindadi ya gaje ta,
tana yi masa lilo har gwiwa.

Ranar rufe kaka Sallau ya zo da kansa,
ya ɗauke ni cak kamar buhun dusa,
wai yau sai Baba Nomau ya ga fili.
Na gani.
Mutane na bin ƙwallo da ido, ni ina bin ɗinki.
Da wani ƙato ya shaƙo wuyan lamba uku
ban san sa'ad da na miƙe ba:
kai, sakar masa, jiya na gyara ta!

An ce na biyar suka ƙare cikin takwas.
An ce za a biya bayan Salla.

Da hantsi buhu ya zo, da man tsire a ƙirji.
Na ƙirga, goma sha huɗu.
Na sake ƙirgawa.
Lurwanu ya ce Bishir ne ya roƙa,
da hannu ɗaya ya ninke ta.

Na shanya sauran,
na bar gurbinta a igiya.